Ni Ɗanlami Ne, Amma Takarda Ta Ce Laraba

Duk fom ɗin da ka taɓa cikewa a makarantar nan, daga na neman gurbi har na ɗakin kwana, layi na uku ko na huɗu iri ɗaya ne: Date of Birth. Yawancinmu ba ma ko tsayawa a kansa. Hannu ne ke rubutawa, kai yana can yana lissafin kuɗin hoto da na fotokwafi. Ni ma haka nake har zangon karatun da ya wuce, ranar da na kai takarduna ofis don tantance 'yan ajin ƙarshe. Matar da ke kan tebur ta jera su a gabanta, ta dubi wannan ta dubi waccan, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, sau nawa aka haife ka?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Takardar firamare da ta WAEC sun ce 1 ga Janairu, 2003. Takardar NIN ta ce 5 ga Mayu, 2002, ta JAMB kuma ta bi bayanta, tunda daga 2021 ba a rajistar jarrabawar sai da wannan lamba. Ta ce in je in daidaita su kafin lokacin neman HND, in ba haka ba kwamfuta za ta tofar da ni, kuma ko na tsallake nan, bautar ƙasa tana gaba tana jirana. Na kwashi takarduna na fito, gumi na keto mini alhali da sanyi ake.

Na san inda kowace rana ta fito, ba sai an yi mini duba ba. Ta Janairu hedimasta ne ya ba ni. Ranar da Baba ya kai ni firamare a ƙauyenmu da ke kusa da Kura, an sa na ɗora hannu ta saman kai na taɓo kunne, aka ce na isa. Hedimasta ya tambayi shekarar haihuwa, Baba ya ce shekarar zaɓen Shekarau na farko. Malam ya rubuta 2003, kuma ya yi daidai. Wata da rana kuwa bai ma tambaya ba, ya sa ɗaya ga ɗaya kamar yadda ya sa wa rabin ajin. Ta Mayu kuma, in faɗi gaskiya, da hannuna a ciki. Farkon 2021 ne, lokacin da aka ce za a rufe duk layin wayar da ba a haɗa da NIN ba. Tun asuba muke layi. Da na isa gaban saurayin da ke danna kwamfuta ya ce shekarunka nawa, na ce sha takwas, alhali da saura kaɗan in cika. Ya yi lissafinsa ya sa 2002, ya danna biyar da biyar, ya ce na gaba. Na ga abin da ya rubuta, amma akwai mutum ɗari a bayana, kuma ni layina kawai nake so kar a rufe.

A ɗakinmu na hostal mu shida ne, uku a cikinmu 'yan 1 ga Janairu ne. Ku duba Facebook ranar sabuwar shekara ku ga yadda yake jero muku sunayen mutanen da za ku taya murna, kamar duk matan Arewa sun haɗa baki sun haihu rana ɗaya.

Daren da abin ya faru na kasa barci. Ina ta kallon kalmomin nan uku a kan fom, har suka fara yi mini kama da baƙi. Washegari maimakon in shiga lakca sai na tsinci kaina a laburare gaban babban ƙamus ɗin nan da ba mai taɓawa sai ƙura. Ba mafita nake nema ba, haushi ne kawai: ina so in san mece ce wannan date ɗin da za ta hana ni karatu.

Ashe kalmar daga wasiƙa ta fito. A zamanin Rumawa, in mutum ya gama rubuta wasiƙa sai ya rufe ta da data Romae, wato "an bayar a birnin Rum", sannan ya sa ranar. Bayarwar da ake nufi ita ce miƙa wasiƙar a hannun ɗan aike. Da tafiya ta yi tafiya, sai kalmar data, wadda ma'anarta "abin da aka bayar", ta koma sunan ranar kanta. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 14. Kuma ita ce dai data ɗin nan da ke cinye mana kuɗin abinci, domin wannan ma asalinta "abubuwan da aka bayar". Abu sunansa bayarwa amma kullum sai ka saya, ku ji fa. Date ɗin da ke nufin dabino kuwa ba danginsu ɗaya ba, shi daga kalmar Girkanci ta yatsa ya fito, haɗuwa kawai suka yi a rubutu.

Na zauna shiru a kan wannan. Abin da aka bayar. To ai ni ma ba ni aka yi, har sau biyu: hedimasta ya ba ni ɗaya, mai kwamfuta ya ba ni ɗaya. Kalmar ba ta yi mini ƙarya ba ko kaɗan. Tun asalinta aikin mai alƙalami ce, ranar da marubuci ya sa hannu.

Birth kuma wata duniya ce daban. Ita daga aikatau bear ta fito, wato ɗauka, ɗaukar kaya mai nauyi. Siffar da ake amfani da ita yau ta shiga Turanci wajen shekara ta 1200 daga harshen Vikings, mayaƙan tekun nan na Sikandinabiya da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, ta ture tsohuwar kalmar da Ingilishi ke da ita mai tushe ɗaya. Born ma ba komai ba ce illa "wanda aka ɗauka". Da can ita da borne kalma ɗaya ce, sai shekaru ɗari biyu zuwa uku da suka wuce aka raba su a rubutu, aka bar mai e wa ɗaukar kaya, marar e wa zuwa duniya. Wato duk sanda ka ce I was born, abin da kake faɗa a asali shi ne "an ɗauke ni". Ba kai ka yi aikin ba, kuma jimlar ba ta ambaci wadda ta yi ba.

Da na bi dangin kalmar sai na ga duk 'yan garinmu ne. Burden, wato nauyi, daga nan take. Barrow ma haka, wadda mu muka mayar baro, baron nan da nake turawa cike da taki daga bakin hanya zuwa fadamar Baba tun ina ɗan shekara goma. Shi kansa takin zamani, fertilizer, ta Latin ya biyo, daga ferre, ita ma ɗauka, saiwarsu ɗaya da bear: ƙasa mai albarka ita ce mai ɗaukar amfani. Sai kuma wadda ta sa na rufe littafin na ɗan yi jim, bier, makara. Kalmar da Bature ke kiran shigowarka da ita, da wadda yake kiran abin da za a fitar da kai a kansa, uwarsu ɗaya.

Mu kuma Hausawa ta ɗaya ƙarshen muka kama zancen. Mace tana ɗauke da ciki, ta yi nauyi, ana ce mata Allah ya sauke ki lafiya, in ta haihu a ce ta sauka. Bature ya sa wa abin suna da ɗauka, mu da saukewa, kaya dai ɗaya ne. Larabci ya haɗa duka biyun, ciki hamlu, haihuwa wad'u, ɗauka da ajiyewa. Date kuma mu kwanan wata muke cewa, wato kwana nawa jinjirin wata ya yi tun da aka gan shi. Ba wanda ya ba ka, kai ne za ka ɗaga kai ka duba sama.

Sai na ga ashe abin da ke kan fom ɗin nan rabi biyu ne da aka ɗinke da of. Rabi na mai alƙalami, rabi na wadda ta yi ɗaukar. Shekara da shekaru ina yawo da amsar mai alƙalami, ban taɓa tambayar ɗaya ɓangaren ba.

Ba don rashin tunani ba ne kawai. Ni ɗan fari ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da wannan ke nufi: Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tunda nake, "kai" ne ko "wannan yaron", in ta matsu ta aiki ƙanwata ta kira ni. Ta yaya za ka zauna gaban mace mai irin wannan kunya ka ce ta ba ka labarin naƙudarka? Amma da aka yi hutu cikin azumi na tafi gida, na daure bayan an sha ruwa na ce, "Inna, wai ni yaushe aka haife ni?" Ta ci gaba da kwashe kwanuka kamar da bango nake magana. Can ta ce, "Gobe zan kai wa Iya kayan shan ruwa. Mai son tsohon zance ya bi ni."

Iya kakata ce ta wajen uwa, tana wani ƙauye a ƙasar Bunkure, kuma a ɗakinta aka haife ni, tunda haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Muka bi ta Karfi muka hau babur, hanya duk ƙurar alkama, ana ta yanka ana sussuka, kanal cike da ruwan Tiga yara na ta faɗawa. Ni ban san garinmu ba tare da wannan ruwa ba. An gama madatsar Tiga a 1974, aikin da aka ɗauko zamanin Gwamna Audu Bako, kuma tun daga nan Kura da Bunkure da Garun Malam suka zama ƙasar da ba ta hutun rani. Ina faɗin wannan ne don lissafin Iya duk a kansa yake tafiya. Ita shekara ba lamba ba ce. Baba, a bakinta, an haife shi shekarar canjin kuɗi, da aka bar fam da sule aka koma naira, wato 1973. Kawuna na biye da kashe Murtala, 1976. Autarmu kuwa 'yar shekarar Sharon ce, tsutsar nan da ta cinye tumatir a 2016 har kwando ya gagari mai kuɗi.

Tana ganina ta ce, "A'a, maigidan ne da kansa? Ka zo da cefane ko hannu na dukan cinya?" Na ce, "Ke da na saka tun bara, wane cefane?" Muka taɓa wasanmu na jika da kaka, sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta gyara zama. Wallahi ban taɓa ganin an yi wa mutum tambayar da ta yi masa daɗi haka ba.

Ta ce sanyi bai gama tafiya ba. Alkama ta fitar da kai amma ba ta nuna ba. Tumatir ya faɗi warwas, an rasa mai saye a Kwanar Gafan, mata na ta yanka shi suna shanyawa a bakin titi. An yi Babbar Sallah, soyayyen naman layya bai ƙare a tukunya ba, domin da shi ta fara ba mai jego kafin a kawo kauri. Naƙuda ta tashi bayan isha'i, aka aika a kira ungozoma, ni kuma ban fito ba sai da ladan ya yi kiran assalatu. "Alhamis ce, ai ka ji sunanka. Alhamis ɗin farko bayan Sallah."

Inna tana bakin murhu ta ba mu baya, na ɗauka ba ta ji. Sai na ji ta ce, ba da ni take ba, da wutar take magana, "Iya, ta biyu ce. Ta farko ai ranar ruwa ya zo layinmu, ni na kai wa su Baba abinci gona."

Iya ta yi shiru, ta ƙirga da yatsu, ta ce, "Ƙwarai kuwa. Har na yi miki faɗa, ciki wata tara kin ɗora kwano a ka kin bi gefen kanal." Inna ba ta ƙara cewa komai ba. Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta a kaina, kuma ko a ciki ba ta ambace ni ba.

Saura shekara. Na ce Iya, wace Sallar? Ta ce wadda aka yi zaɓe bayanta, domin ranar zaɓen gwamna ita ta goya ni zuwa rumfa, uwata na jin kunyar a gan ta da ni a bainar jama'a, kuma a ranar wuyana bai gama tsayawa ba sai da ta tallafe shi da zani biyu. Zaɓen da Malam Ibrahim Shekarau ya ci na farko an yi shi 19 ga Afrilu, 2003. Na fito da waya na buɗe kalanda. Babbar Sallar shekarar 1423 ta faɗo Talata, 11 ga Fabrairu, 2003. Alhamis ta farko 13 ga wata, ta biyu 20. Ranar zaɓe ke nan ina da wata biyu, daidai yaron da wuyansa bai tsaya ba. Komai ya zauna daram.

20 ga Fabrairu, 2003. Ina da shekara ashirin da biyu na fara ganin wannan rana da idona, a tsakar gidan da aka binne cibiyata.

Sai na koma na duba waɗancan biyun don neman magana. 1 ga Janairu, 2003, Laraba ce. 5 ga Mayu, 2002, Lahadi ce. Wato a wajen WAEC ni Balarabe ne, a wajen NIN Ɗanladi, alhali duk ƙauyenmu Ɗanlami suke kirana tun ban san kaina ba. Shaidar tana rataye a wuyana kullum, ban taɓa tunanin takarda ce ba.

Kuma takarda ce. Kafin fom ya zo, a cikin suna muke ajiye wannan labari. Ladi da Talatu da Jummai da Asabe, Ɗanjuma da Ɗantala, kowa na yawo da ranarsa. Azumi da Sallau sun riƙe wata. Marka da Anaruwa da Nomau sun riƙe yanayin da aka sauka a ciki. Wasu ma ba lokaci suka riƙe ba, matsayi ne: Tanko ya biyo mata, Delu ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye. Shi kansa Shekarau da Baba ya kafa shekarata da shi, sunan yaron da ya daɗe a ciki ne har aka ce ya shekara. Abin da wannan tsari bai damu da shi ba shi ne lambar shekara, don ba wanda zai tambaye ka ita. Sa'anninka an san su, tare aka yi muku kaciya, tare kuka fara azumi.

Kar wani ya ce wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Su masu kalmar ma sun daɗe ba su da abin da za su cike layin da shi. A 1538 aka umarci majami'un Ingila su fara ajiye rajista, kuma abin da suke rubutawa ranar baftisma ce, ba ranar haihuwa ba. Gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da kanta ba sai 1837. Shakespeare ɗin nan da aka wahalar da mu da shi a sakandare, ba wanda ya san ranar da aka haife shi. Abin da ke rubuce shi ne an yi masa baftisma 26 ga Afrilu, 1564, sai mutane suka yi yarjejeniya a kan 23 ga wata. Shi ma ba shi aka yi. A nan gida, Cif Olusegun Obasanjo, wanda ke mulki shekarar da aka haife ni, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa bai san ainihin ranar haihuwarsa ba, abin da mahaifiyarsa ta gaya masa shi ne ranar kasuwar Ifo ce. 5 ga Maris, 1937 da ake masa biki da ita ta takarda ce. Da na karanta wannan sai na ji kamar Iya ce ke magana.

Amma ba zan zauna in yi muku waƙar da can ya fi yanzu ba, don na ga aibin rajistar Iya da idona: ba ta da kwafi. Ta kusa kuskure da mako guda, da Inna ba ta wajen da shi ke nan. Ran da Allah ya karɓi abarsa, ranakun haihuwar mutum talatin za su bi ta makara ɗaya. Kuma duniyar da muke ciki lamba take so, riga-kafi da lamba, shiga makaranta da lamba, fansho da lamba. Dokar tilasta rajistar haihuwa tana nan tun 1992, aikin yana hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Sauran duk suna jiran nasu hedimastan.

Akwai kuma ɓangaren da ba ma son faɗa. Ba kowace ranar ƙarya ce kuskure ba. Mun san masu shekarun gida da shekarun takarda, kamar waya mai layi biyu. Wanda ya haura talatin kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa, tallan aiki kuma ya ce kar ka wuce ashirin da shida ko da bakwai, ga yajin aiki da rashin kuɗin makaranta sun riga sun ci maka shekara uku. Sai mutum ya je ya aske biyu. Ban ce daidai ba ne, ban kuma ce ban gane ba. Ni da na ƙara wa kaina wata tara don layin waya, wane baki gare ni?

To yanzu ga inda nake. Duk wanda na tambaya shawara ɗaya yake ba ni: gyara takardar jarrabawa ya fi wuya, don haka ka mayar da NIN ta bi WAEC, ka zama ɗan 1 ga Janairu gaba ɗaya ka huta. Hanyar a buɗe take. Ka je kotu, masu keken rubutu na nan a gindin bishiya da takardar rantsuwar shekaru a shirye, suna da sunanka kawai za su cusa. Sai uba ko wani babba a dangi ya sa hannu cewa shi shaida ne an haife ka rana kaza. Ka biya kuɗin gyara, ka jira.

Da a watan Janairu aka ce in yi wannan, da tuni an wuce wajen. A lokacin ban san komai ba, kowace rana ɗaya ce a wajena. Tafiyata Bunkure ce ta ɓata lissafin. Yanzu na sani, kuma takardar sunanta rantsuwa.

Duk da haka na buga ta na kai wa Baba. Na same shi a gona da yamma yana jera bututun jan ruwa a bakin ƙaramar kanal, zai shayar da albasa. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da HND da bautar ƙasa, har da cewa kowa haka yake yi. Ya goge hannu a riga ya karɓi takardar, ya juya ta, shi da ba ya karanta boko. Ya ce in karanta masa, in fassara, kar in tsallake komai.

Na karanta. Da na zo layin ƙarshe, inda mai rantsuwa ke cewa abin da ya faɗa gaskiya ne iyakar saninsa, sai ya ɗaga hannu.

"Maimaita nan."

Na maimaita.

"Ɗaya ga watan Turawan nan, wace rana ce?"

Na ce Laraba.

Ya miƙo mini takardar. "To ni iyakar sanina Alhamis ce. Ni aka aiko wa da asuba, ni na bar ruwa yana gudu a alkama na hau keke. Itacen jego ma bashi na ci na saya." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Can ya ƙara da cewa, ba tare da ya dube ni ba, "In akwai wadda za a rubuta Alhamis ɗin, kawo in dangwala. Ko nawa ne, in albasa ta yi kuɗi."

Na dawo makaranta da takardar ba sa hannu. Na fara tambayar doguwar hanya, wadda za a mayar da duka takardun zuwa 20 ga Fabrairu, kuma duk wanda na tambaya sai ya dube ni kamar na ce zan je Legas a ƙasa. Shekarar aikin koyon sana'a da ke tsakanin ND da HND ita ce kawai lokacin da nake da shi, ban san ko za ta isa ba. Abokin ɗakina, ɗaya daga cikin 'yan Janairun, ya ce in daina wahalar da kaina, ai ba dole sai uba ba, kowane kawu zai iya sa hannu, kuma ina da wani a Kano da ba zai tambayi ko wace rana ce ba. Gaskiya ya faɗa. Lambar kawun tana cikin wayata, yau mako uku ke nan ina buɗe ta ina rufewa.